Sanda, Majajjawa da Baka: Makaman Makiyayi da Matafiyi a Ƙasar Katsina

Duk wanda ya san tarihin sarautar Katsina ya san Gajere, watau takobin nan da ke cikin kayan sarauta a Gidan Korau. Ruwayar baka ta ce da shi ne Muhammadu Korau, wanda galibin masana ke sanya zamaninsa cikin ƙarni na 15, ya kashe Sanau bayan ya kayar da shi a kokawa, sa'an nan ya hau gadon mulki. Takobi ne mai suna da labari, kuma ya shiga littattafai, domin A. D. H. Bivar ya yi nazarinsa tare da wasu makaman fada a littafinsa Nigerian Panoply na 1964. Haka kuma sulke da lifidi da kwalkwali ba su rasa masu ba da tarihinsu ba. Marubucin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara shigo da su, tsakanin ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15, kuma Joseph Smaldone ya yi dogon bayani a kansu cikin littafinsa na 1977 game da yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato. Wanda ma bai yi karatu ba, in ya tsaya a filin Kangiwa ranar hawan salla, zai gan su da idonsa.

To, amma masu lifidi ba su taɓa wuce 'yan tsiraru ba a kowane zamani. Sauran jama'ar ƙasa, watau makiyayin da ke kwana a daji da garkensa, da manomin da gonarsa ke nesa da ganuwa, da falken da ke ratsa dokar daji da jakunansa, su ma suna da abin da suke riƙewa a hannu, kuma da shi suka kare rayukansu da dukiyarsu shekaru aru-aru. Dalilin da ya sa ba a cika jin labarin nasu makaman ba a fili yake. Ƙarfe yakan daɗe, a ajiye shi a taska, jikoki su gada. Itace kuwa gara ke cinye shi, igiya ta ruɓe, kuma babu maroƙin da aka taɓa ɗauka don ya yi wa sandar makiyayi kirari. Abin da ya rage mana shi ne harshe da al'ada, da ɗan abin da matafiya suka rubuta. Da waɗannan ne wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa makamin talaka a ƙasar Katsina kayan aiki ne tun asali, zangonsa kuma gajere ne, kuma wannan gajarta ce ta sa shari'a da al'ada suka iya riƙe shi. Za a kuma ɗan leƙa wata ƙasa mai nisa, watau Tibet, inda makiyaya suka gamu da irin wannan buƙata suka biya ta ta wata hanya dabam.

Sanda

Babu abin da ake sanin makiyayi da shi kamar sandarsa, wadda Fulani ke kira sawru. Ba kowane reshe ne ke zama sanda ba. Akan nemi itace mai ƙwari wanda ba ya saurin karyewa, a sare shi ɗanye, a gasa shi a wuta sama-sama don a miƙar da shi, a ɓare ɓawon, a bar shi ya bushe a inuwa, sa'an nan a yi ta shafa masa man shanu har ya yi duhu ya yi santsi. Wasu kan naɗe kan sandar da fata, wasu su kai wa maƙeri ya sa mata zoben ƙarfe. Sandar da ta sha irin wannan hidima takan yi shekaru a hannun mai ita, har ta kai ana gane ta a ruga kamar yadda ake gane takalminsa.

In mai karatu ya bi makiyayi yini guda ya ƙidaya abubuwan da ya yi da sandar nan, zai tarar duka shi ne mafi ƙaranci. Da ita yake juya saniyar da ke gaba, sau da yawa ma ba tare da ta taɓa ta ba, ɗaga ta kawai ya isa. Da ita yake gwada zurfin ruwa da laka a mashaya kafin ya bar garke ya shiga, kuma da ita yake kakkaɓo wa dabbobi 'ya'yan gawo da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Yakan rataya goran ruwansa a jikinta, ya dogara da ita in ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya gicciya ta bisa kafaɗunsa ya rataya hannuwansa biyu in yana tafe. Sai in maciji ya gilma, ko kura ta yi wa maraƙi kwanton ɓauna, ko wani ya zo da nufin kora, sa'an nan ne sanda ke zama makami.

Hausa ba ta bar wannan fage da kalma ɗaya ba, kuma yawan kalmomin shaida ne ga yawan amfanin abin. Akwai gora, doguwa mai gaɓoɓi, wadda maharba da masu tafiyar dare ke so. A nan ya kamata a lura cewa a rubuce ba a bambanta ta da gora na ruwa, amma a baki dabam suke, jinsinsu ma dabam, shi ya sa muke cewa goran nono amma gorar mafarauci. Akwai kulki, gajere mai nauyin kai, wanda ba a yi shi don kiwo ba sam, na dogarai ne da masu gadi. Akwai kere, mai lanƙwasa, wanda ake jifan zomo da zabin daji da shi a wajen farauta. Kwagiri na dattijo ne, tsumagiya ta horon yaro da jaki, kandiri kuwa na sarki. Ashe ke nan itace guda ne ya taso daga hannun mai kiwon shanu ya kai hannun mai kiwon mutane, kuma ko Turawa da suka zo sun fahimci haka, domin sanda suka riƙa miƙa wa sarakuna ranar naɗi, suka kuma kasa ta daraja-daraja. Har wa yau, da Bahaushe ya ga ma'aikatan tsaro na Gwamnati, bai kira su da sunan bindiga ko kaki ba, ya ce musu 'yan sanda, don ya bambanta su da 'yan doka na En'e. An haɗe 'yan doka cikin 'yan sanda a ƙarshen shekarun 1960, sandar kanta ta zama ba ita ce babban makaminsu ba, amma sunan ya zauna.

Riƙon sanda yana da makaranta. Yaron ruga yakan fara da kiwon maruƙa da 'yar tsumagiya, ya koyi kaucewa da tarewa a wasa da tsararrakinsa, kafin ya kai munzalin shiga shaɗi, wanda aka fi sani da sharo. Masu kallon shaɗi daga waje sukan ɗauka gwajin ƙarfin mai duka ne. A nawa ganin, abin da ake gwadawa shi ne wanda ake duka: ya tsaya ƙirji a buɗe, ya sha bulala bai motsa ba, bai kuma rama nan take ba, sai ranar da layinsa ya zo. Wannan ya dace da ɗabi'un da Fulani ke tarawa ƙarƙashin kalmar pulaaku, musamman munyal, watau haƙuri, da semteende, watau kunya, da hakkiilo, watau hankali. Al'ummar da ta san kowane saurayi zai riƙe makami a daji, inda babu mai ganinsa, dole ta nemi hanyar koya masa danne zuciya. Ba ina cewa darasin ya shiga kowa ba ne. Sanda ta yi rotse, ta karya ƙashi, ta kuma yi kisa, kuma alƙalan ƙasar nan sun sha zama a kan irin waɗannan ƙararraki a kowace kaka.

Majajjawa

Majajjawa, ko majaujawa a bakin wasu, ta fi sanda sauƙin yi. Igiya ce mai hannu biyu da 'yar shimfiɗa a tsakiya inda ake ɗora dutse, ana tuƙa ta da rama ko kaba ko zaren ɓawon kuka. Mai jifa yakan zura yatsa cikin madaukin hannu ɗaya, ya riƙe ɗayan da ɗan yatsa da babban yatsa, ya yi ta juyawa, sa'an nan ya saki. Asirinta shi ne ta ƙara wa hannu tsawo, saboda haka dutsen ke fita da gudun da damtse kaɗai ba zai iya ba shi ba, har gwani ya iya kai jifa fiye da taki ɗari. Tsohon makami ne ƙwarai a duniya. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin Annabi Dawuda, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kashe Jaluta, kuma malaman tafsiri sun ambaci cewa da majajjawa ya jefe shi, yana kuwa matashi mai kiwon tumaki.

A ƙasar Katsina majajjawa ta fi zama ta gona a kan ta garke. Idan gero da dawa suka fara nuna, akan kafa wa yara rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, su hau tun da asuba su yi ta jifa da ihu don korar tsuntsaye da birai. Ƙarar da bakin igiyar ke yi in an sake ta, kamar ta bulala, ita kanta rabin aikin ce. Da keke da mota suka zo, aka sami tsohuwar roba a ko'ina, sai yara suka koma wa danƙo, wanda ya fi sauƙin saiti ko da yake bai kai ta nisa ba. Yau ɗalibai da yawa sun san kalmar ne kawai a cikin magana irin ta "ya yi majajjawa da shi", ba su taɓa ganin abin ba.

A nan ne kwatanci da Tibet ke da amfani. Tibet ƙasa ce mai tudu a arewacin duwatsun Himalaya, tana ƙarƙashin mulkin Sin, kuma mafi yawanta ya ɗara mita 4,000 bisa gaɓar teku. Makiyayanta, waɗanda ake kira drokpa, suna kiwon tumaki da awaki da wani irin sa mai dogon gashi da ake kira yak. A wurinsu majajjawa, wadda suke kira urdo, ita ke riƙe da matsayin da sanda ke riƙe da shi a wurinmu. Da gashin yak da ulun tumaki suke kitsa ta, baƙi da fari, maza da mata da yara duk suna ɗauke da ita, kuma akwai wani salon kitso mai idanu tara da suka ɗauka yana tsare mai shi daga sharri, kamar dai yadda namu kan ɗinka laya a kube. Da ita suke juya garke daga nesa, su jefa dutse gefen dabbar da ta ɓalle don ta komo, da ita kuma suke korar kyarkeci da karnukan wasu rugage.

Me ya sa su suka zaɓi igiya mu muka zaɓi itace? Amsar tana ƙasa. Tudun Tibet fili ne fetal da ba ya da itatuwa, amma ga duwatsu birjik, ga kuma gashin dabba a kowane tanti. Iskar wurin ba ta da kauri, gudu kaɗan ke sa mutum haki, dabbobi kuma sukan watsu bisa gangaren tsaunuka, saboda haka aika dutse ya fi bin dabba da ƙafa. Mu kuwa Allah ya ba mu itace, arewacin ƙasar Katsina kuma jigawa ce, mutum na iya yin tafiya mai nisa bai tsinci dutsen jifa ba, shi ya sa yaran gona sukan yi amfani da hoge ko su mulmula laka su shanya. Ban da haka, shanun Fulani sun saba da murya, suna bin mai su a baya in ya yi kira, ba su buƙatar jifa. Amma ta fuskar da ta shafe mu, urdo da sawru abu guda ne: kowannensu an yi shi don dabba, kuma sai larura ke juya shi kan mutum.

Baka da sauran kayan matafiyi

Baka ya sha bamban da waɗannan biyu, domin shi tun farko don zubar da jini aka yi shi. Bakan ƙasar Hausa itace ɗaya ne, ba mai tsawo can ba, da tsirkiya ta fata. Kibiyar kuwa kyauro ce da bakin ƙarfe mai kunnuwa, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar ta wasu ƙasashe, don haka saitinta ba ya nisa. Ƙarfinta yana ga dafi. Babban abin da ake dafawa shi ne 'ya'yan kwankwani, akan kuma haɗa da ruwan tinya da wasu abubuwan da kowane gidan maharba ke ɓoyewa, tare da makarinsu. Dafin kwankwani zuciya yake kamawa, shi ya sa ƙwarzane kaɗan ke iya kashe babbar dabba. Daga dangin wannan tsiro na Gabashin Afirka ne wani likita a Edinbara, Thomas Fraser, ya fitar da maganin ciwon zuciya a shekarun 1880. Sarautar Sarkin Baka, da ake samu a garuruwa da dama, ta nuna cewa sarakuna ba su bar wannan sana'a sakaka ba, sun yi mata shugaba wanda za a tambaya.

Wanda ya rena bakan talaka ya tuna da Tabkin Kwatto. A watan Yuni na 1804 jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, mafi yawansu dakaru masu kwari da baka, da dawakin da ba su wuce ashirin ba, suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai barade da lifida. Makaman da suka ci wannan yaƙi su ne waɗanda malamai da makiyaya da manoma suka fito da su daga bukkokinsu. Shekaru uku bayan haka Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina, tsohon gidan sarauta ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, aka kuma shiga zaman hare-hare wanda ya kusan cinye ƙarnin duka. An yi Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, amma hakan bai hana mahaya irin su Ɗan Baskore ci gaba da kawo hari ba a tsakiyar ƙarnin. Garuruwa da dama na yammacin ƙasar, wajen Ruma, suka watse, daji ya rufe kufansu, dajin kuma ya zama hanyar mahara. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo birnin Katsina a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske amma mutanen ciki, a ƙiyasinsa, ba su wuce dubu bakwai zuwa takwas ba.

A irin wannan zamani manomi kan tafi gona da fartanya a kafaɗa ɗaya, kwari a ɗaya. Ƙauyen da ba shi da ƙarfin gina ganuwa yakan yi kafi, watau shingen gungume da ƙaya, kuma sunayen garuruwa irin su Kafin Soli da Kafin Dangi suna riƙe da wannan tarihi. Abin sha'awa ne cewa kalmar nan ta kafi ita ce kuma sunan asirin da ake binnewa don tsare gari. Bahaushe bai raba shingen da ido ke gani da wanda ba ya gani ba. Amfanin baka a nan shi ne ya tsai da mahayi na ɗan lokaci, har mata da yara da dabbobi su shige, har kururuwa ta kai maƙwabta. In ta makara, shi ne abin da har yau muke kira ihu bayan hari.

Matafiyi shi ma haka. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa tafiya sai cikin ayari, da madugu, da jagaba a gaba, kowa da abin da ya iya riƙewa, baka ko mashi ko takobi a rataye da hamila, amma babban makaminsu shi ne yawansu, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Barth da kansa, da ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato a 1853, sai da ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi dare da rana ba zango don tsoron mahara. Azbinawa masu kawo gishiri su ne suka fi kowa cikar shiri: takobi, wanda sunansa a harshensu da namu kusan ɗaya ne, da mashin ƙarfe zalla, da garkuwar fatar warwaji, da wuƙar da ake ɗaurawa a hannu. Ruwan takubban da yawa daga Solingen ta Jamus ake kawo su ta hamada, maƙera da dukawa na Kano su yi musu ƙota da kube. Wuƙa kuwa ba a ma lissafa ta cikin makamai, domin da ita ake yanka da fiɗa da gyaran igiya. Shi ya sa in Bahaushe zai ce al'amari na hannunka sai ya ce kai ke da wuƙa da nama, bai kawo zancen faɗa ba ko kaɗan.

Abin da ya riƙe su

In aka dubi waɗannan makamai gaba ɗaya, za a ga sifa ɗaya ta game su. Mai sanda sai ya matso taki biyu, mai wuƙa sai ya kama riga, mai baka ma, tun da kibiyarsa ba ta nisa, sai ya zo inda za a iya ganin fuskarsa da tsagarsa. Wanda aka gani an san shi, wanda aka sani kuwa ana iya kai ƙararsa wurin arɗo ko dagaci ko alƙali. Kuma mutum ɗaya ba ya iya fin ƙarfin ƙauye guda. In ya bugi ɗaya, goma za su kama shi.

Shari'ar da ake bi ta dace da wannan ma'auni. Risala ta Ibn Abi Zaidi, wadda kowane almajirin ilimi a birnin nan ke karantawa, ta ƙayyade diyyar raunuka dalla-dalla in da kuskure aka yi su: raƙuma biyar ga raunin kai da ya bayyana ƙashi, biyar ga haƙori, goma ga yatsa, ɗari ga rai, in kuwa da ganganci ne sai ƙisasi. Waɗannan raunuka ne irin na sanda da wuƙa, waɗanda alƙali zai iya dubawa ya auna. Ita ma ɓarnar gona, wadda ita ce uwar yawancin rigingimun, tana da hukunci. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana kan mai dabbobi. Ga kuma burtali da aka keɓe don garke ya wuce tsakanin gonaki, ga al'adar sauke Fulani a gona bayan girbi don taki, a ba su hatsi su ba da nono. Mutanen da za su sake haɗuwa baɗi a gona ɗaya suna da dalilin tsai da faɗa a kan rotse.

Bindiga

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sunanta daga Larabci yake, kuma Tarihin Kano ya ce an kawo bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, cikin ƙarni na 18, ya kuma ce Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ya sa aka ƙera masa igwa a Zinder. Sai dai bindigar wancan zamani, mai ɗurin albarushi ta baki, ba ta rushe ma'aunin da muka ambata ba. Kafin a ɗura ta sau ɗaya maharbi ya saki kibau da yawa, in damina ce kuma albarushi ya jiƙe. Sunan da Hausawa suka ba irinta, harba-ka-ruga, ya isa bayani.

Abin da ya canja al'amari shi ne bindiga mai ruwa. Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a Maris, Burmi a Yuli. Katsina ba ta yi yaƙi ba. Lugga ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka a wannan shekara, Sarki Abubakar ya karɓe shi. Shekara guda bayan haka irin wannan rana ta riski mutanen Tibet. Ranar 31 ga Maris, 1904, rundunar Ingilishi da ta taso daga Indiya tare da Kanar Francis Younghusband ta gamu da mayaƙan Tibet kusa da wani wuri da ake kira Guru. Suna ɗauke da takubba da bindigogin ɗuri masu ƙafa biyu na dogarawa, da layu a wuya waɗanda suka yi imani za su tare harsashi. Cikin ɗan lokaci aka kashe musu fiye da mutum 600, a ɓangaren Ingilishi kuwa ba a rasa rai ko ɗaya ba sai 'yan raunuka. Duk wanda ya san labarin Giginya da Burmi ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Akwai lokacin da kayan aikin talaka suka ba Turawa kunya. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, da gatura da fartanyu da 'yan bakuna, suka auka wa rundunar sojan doki kafin ta gama shiri, suka kashe Turawa uku da sojoji kimanin 25. A watan Maris aka komo musu da bindiga mai ruwa, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Girgizar ta kai Katsina, domin a shekarar ne aka tuɓe Sarki Yero aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko.

Daga nan Gwamnati ta riƙe manyan makamai ita kaɗai. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Birasels ta hana shigo da bindigogin zamani wannan yanki na Afirka, kuma dokar bindigogi ta 1959 ta ɗora sharaɗin lasin har a kan bindigar maharbi. Hare-hare suka ƙare, mutane suka fita daga ganuwa suka koma kufan kakanninsu, kwari da baka suka koma na farauta da ado. Makiyayi ya ci gaba da riƙon sandarsa, kuma shekaru sittin ko saba'in ta ishe shi, domin abin da yake tsoro bai wuce kura da ɓarawon saniya ɗaya ko biyu ba. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, kuma dajin Ruma da Kukar Jangarai na cikin waɗanda aka fara gyarawa.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga masu karatu. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali da mashaya, farin 1973 da na 1984 da annobar bushiya ta 1983 suka rage garkuna, suka bar samari da yawa ba abin kiwo. Bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 bindigogin yaƙi suka ƙara malalowa ta hamada, ta hanyoyin da dā ake bi da ruwan takobi. AK-47 tana ɗaukar harsashi 30, tana kisa daga nisan mita 300, inda ba a gane fuska balle tsaga, kuma mutum biyar da ke riƙe da ita a kan babura sun fi ƙarfin gari guda. Dajin Rugu, a yankin nan na yamma da ya ɓoye mahara a ƙarni na 19, ya sake zama maɓoya, ƙasashen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya suka sake sanin ƙaura. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, a 2023 kuma Gwamnatin Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa don taimaka wa soja da 'yan sanda.

Akan manta cewa makiyayi mai sanda yana cikin waɗanda wannan masifa ta fara ci, domin garkensa aka fara korewa, ba saniya ɗaya ba, duka. In ya tsaya a kan sandarsa, ba ta tare masa komai; in ya nemi bindiga, ya zama mai laifi a gaban doka, abin zargi kuma a idon manomin da dā yake saukar da shi a gonarsa. Manomin shi ma ya koma wurin maƙeri, kuma a ƙauyuka da dama maƙerar da kakanni suka ƙera bakin kibiya da zoben sanda, yau bututun ƙarfe ake kai mata a yi bindigar toka.